Shebur Huɗu a Gashuwa

Alhaji Sabitu da hannunsa ya raba kansa da abokin kartarsa, kuma ranar da ya yi wannan ɗanyen aiki har bijimi ya kayar don murna. Ba wanda ya shiga tsakaninsu, ba wanda ya kai gulma. 'Yarsa Huseina ya aurar wa Bobboi, shi ke nan.

Kartar da ake magana ba irin ta 'yan tasha ba ce, ko kwabo ba a zubawa, ko da yake matan Nguru ba su taɓa yarda da haka ba. Birij ake ce mata. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka kawo ta garin, malaman Indiya na sakandare suka riƙe ta, Alhaji Sabitu kuwa, da yake fataucin fata da ƙiraga ya sa kullum yana tashar jirgi, a nan ya tsince ta tun yana saurayi. Mutum huɗu ke zama a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi. Ka dubi hannunka ka ce shebur ɗaya, ko zuciya biyu, wato ga irin katin da kake so ya yi sarauta a wannan zagaye, ga kuma yawan cin da ka ɗaukar muku alkawari. Abokinka ba ya ganin hannunka, kai ma ba ka ganin nasa, da tayin nan kaɗai kuke magana. In ka ce shebur alhali shi zuciya ce ta cika masa hannu, dole ya musa maka. In ka nace, ya sake musawa. Wanda ba ya iya ce wa abokinsa a'a ba shi da abin yi a teburin nan.

Bobboi kuwa ya iya. Malamin dabbobi ne, Bafulatanin Kumagannam, dogo siriri, wanda Alhaji da kansa ya koya wa wasan lokacin da aka turo shi aiki Nguru. Shekarun da suka yi suna zama tare sun haura goma, kuma duk Asabar, in an tashi daga tebur, sai su koma barandar kulob ɗin ma'aikata su baje hannun da aka buga ɗaya bayan ɗaya, kowa yana zaƙulo laifin ɗan'uwansa.

"Alhaji, wannan tayin naka, wallahi ko ɗan maraƙi aka miƙa wa katin ba zai yi shi ba," in ji Bobboi.

Alhaji ya buga benci, ya kira shi ɗan daji, ya rantse ba zai sake zama da shi ba. Sa'an nan ya koma gida yana dariya shi kaɗai a mota. Dalilin dariyar ba ɓoyayye ba ne. Tun da Allah ya buɗa masa, ba mai ce masa komai sai "haka ne, Alhaji." Dillalai haka, yaran shago haka, 'yan'uwansa na Kano in sun zo haka. Ko cewa ya yi rana a Geidam, can gabas, take faɗuwa, za a sami wanda zai rantse ya gani. A duk faɗin Nguru mutum ɗaya ne ke duban tsabar idonsa ya ce ya yi shirme, kuma Alhaji yana son mutumin nan fiye da yadda zai iya faɗa.

Don haka da baffannin Bobboi suka zo neman auren Huseina, wadda ke koyarwa a firamare, kuma aka gano ita da Bobboi sun daɗe da fahimtar juna, Alhaji bai ko bari sun gama shan furarsu ba ya ce ya ba su. A lissafinsa ya ɗaure abokinsa a ƙofar gida ke nan, ko canjin wurin aiki aka yi masa dole ya dinga dawowa. Matarsa Talatu ce kaɗai ta dube shi ta ce, "Alhaji, suruki fa ka yi, ba aboki ba." Ya ce mata ita ba ta san birij ba. Gaskiya ne ba ta sani ba, amma ta san Fulani.

Asabar ta farko bayan biki, Bobboi ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar kulob, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, barka da yamma." Alhaji ya tuntsire da dariya, a zatonsa tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Aka kawo shayi, Bobboi bai taɓa ba, don ba a ci ba a sha a gaban suruki. Aka raba kati, idonsa bai tashi daga kan tebur ba. Alhaji ya ce shebur, shi ma ya ce shebur. Alhaji ya ce zuciya, shi ma ya ce zuciya. A ƙa'idar wasan, in an gama tayi, wanda ya fara ambaton katin da aka tsaya a kansa shi ke buga hannun, abokinsa kuwa sai ya baje katunansa a fili ya naɗe hannu ya yi shiru har a gama. To, nan Bobboi ya sami maɓoya. Duk yadda zai yi Alhaji ya zama mai bugawa sai ya yi, shi ya baje kati ya sunkuyar da kai. Da aka tashi, Alhaji ya nufi baranda ya zauna yana jira, ashe Bobboi tuni ya hau babur ɗinsa.

Ba irin ƙoƙarin da Alhaji bai yi ba. Ya ce masa a tebur babu suruki, babu uba, kati ne kawai. Bobboi ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da abin da yake yi. Alhaji ya kira Huseina ya ce ta yi wa mijinta magana. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce, "Baba, mutumin da ko sunanka ba ya iya faɗa a cikin ɗaki? Akwai wani Sabitu mahauci da yake duba masa shanu, shi ma ya koma ce masa Mai Nama. In ya musa maka a gaban mutane, da wane ido zai dubi baffanninsa?" Alhaji ya sallame ta, ransa a ɓace.

Ita kanta gasar birij da ake yi tsakanin garuruwa a lokacin numfashi ɗai-ɗai take yi. Da, garuruwa huɗu ke karawa, kowane gari da mutum huɗu. Bayan babban fari da tsuke bakin aljihun da ya biyo baya, malaman Indiya suka tattara suka koma ƙasarsu, 'yan Haɗeja suka watse, 'yan Potiskum suka ce ba taya ba mai. Zuwa kakar tamanin da biyar saura Nguru da Gashuwa kaɗai. Tebur biyu ake kafawa, a buga katunan nan guda a duka biyun, biyu daga Nguru su riƙe hannun a tebur ɗaya, biyu daga Gashuwa su riƙe shi a ɗayan, a ƙarshe a gwada wa ya fi iya sarrafa shi. Sauran biyun na Nguru su ne Ajimi, tsohon akawun tashar jirgi, Babarbare mai baki, da Ya'u malamin asibiti.

Ajimi ne ya zo shagon Alhaji ranar wata Laraba, ya zauna a kan tarin ƙiraga yana toshe hanci, ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Alhaji. Saƙo na kawo, kuma ba mai daɗi ba ne. Bafulatanin nan naka ya roƙe ni. Ya ce daga wasan Gashuwa, a mai da shi tebur ɗaya da Ya'u, ni in dawo gabanka. In ba haka ba zai ajiye kati gaba ɗaya."

"Shi ya ce haka? Me ya hana shi zuwa ya faɗa mini?"

"Da zai iya faɗa maka, ai da ba a yi maganar ba," in ji Ajimi. "Kuma ni ban ga laifinsa ba. Tun da aka yi bikin nan ba mu ci wasa ko ɗaya ba. A raba ku, kowa ya huta, mu ma mu ɗan ci wani abu kafin gasar ta mutu."

Shawara ce mai kyau, kowa ya san haka, har shi Alhajin. Amma shi ba cin wasa ya dame shi ba. Ya ce wa Ajimi ya ji, a bar masa Gashuwa. In ya kasa dawo da Bobboi a can, a yi yadda suka ce.

Ran Asabar da hantsi suka kama hanya a fijo ɗin Alhaji. Bobboi ya shige gaba kusa da direba, don ba zai haɗa kafaɗa da suruki ba. Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa ya kwanta hagu da dama, masunta sun jera kifi a bakin titi suna ɗaga wa motoci. Alhaji bai ga ko ɗaya ba, ƙeyar Bobboi yake kallo. Ya ɗaga murya yana gaya wa Ajimi wata ƙa'idar tayi da ya san ƙarya ce tsagwaronta, irin wadda a da za ta sa Bobboi ya ce a tsai da mota. Kunnen Bobboi ya motsa. Ban da wannan, har suka shiga Gashuwa bai juyo ba.

Bayan azahar aka zauna. Ɗakin kulob ɗin Gashuwa ba wuta, fanka a tsaye, aka buɗe tagogi. A hagun Alhaji wani tsohon hedimasta ne Babade, mai tabarau da igiya, wanda ba ya magana sai tayi. Wasa ya yi ta tafiya kunnen doki, don katunan ranar ba su da rikici, ko wanda ba ya musu zai iya lallaɓawa da su. Sai a kusa da ƙarshe hannun ya zo.

Alhaji ya buɗe katunansa. Shebur biyar, amma sarki ne kaɗai mai daraja a ciki, sauran tarkace. Sarkin zuciya da ƙaramar zuciya ɗaya. Sai 'yan manya a sauran, daidai abin da mutum zai buɗe baki da shi. Ya ce, "Shebur ɗaya."

Bobboi ya daɗe yana duban hannunsa. Can ya ce, "Zuciya biyu," a hankali, har sai da hedimasta ya sa hannu a kunne.

Wannan ba musu ba ne tukuna, amsa ce. Alhaji ya ce, "Shebur biyu," ya zuba masa ido. Watanni ke nan, duk lokacin da aka zo nan, Bobboi sakin nasa yake yi ya bi na Alhaji. Gumi ya tsattsafo wa Bobboi a goshi. Ya gyara hula. Ya ce, "Zuciya uku."

Alhaji ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya musa! A gaban baƙi, a garin mutane, ya musa. Ma'anar tayin a fili take: zuciyata doguwa ce, shebur ɗinka ba ta yi mini ba, ka bar ta. Kuma ga sarkin zuciya a hannun Alhaji. Duk wanda ya yi wata uku yana birij ya san abin faɗa, zuciya huɗu, a buga a ci a tashi lafiya. Alhaji ma ya sani. Amma mutumin da ya daɗe da ƙishirwa ba ya tsayawa a kurɓi biyu. So yake ya ji na uku, ya ji Bobboi ya ɗaga murya ya ƙwace wasan daga hannunsa da ƙarfi kamar da. In ya yi haka sau ɗaya, a ganin Alhaji, kunyar ta karye ke nan. Ya ce, "Shebur uku."

Bobboi ya ɗago ido a karo na farko tun ranar biki, ya dube shi. Ba fushi a idon, roƙo ne. Sa'an nan ya mai da kai ƙasa ya ce, "Shebur huɗu."

Wato cin goma cikin goma sha uku, da shebur a kan sarauta. Da zagaye ya iso kan hedimasta, ya gyara tabarau ya ce, "Na ninka," ma'ana ya tabbata za su faɗi, kuma faɗuwar ninki za a rubuta musu. Ƙofa ɗaya ta rage, Bobboi ya gudu zuwa zuciya biyar. Ya ce, "Na wuce." Alhaji shi ma yana iya gudun da kansa, shi ne na ƙarshen magana. Amma in shi ya faɗa, me aka yi ke nan? Ya ce ya wuce.

Bobboi ya baje hannunsa a tebur. Zuciya bakwai, as, babban kati duka, da sarauniya a sama, jere gwanin sha'awa. Shebur ɗaya tak, ita ma ƙarama. Hedimasta, wanda ba ya magana, ya dubi katunan ya dubi Bobboi ya ce, "Ikon Allah."

Alhaji ya buga hannun cikin fushi. Ya ja shebur, ya tarar duk manyan suna hagu a hannun hedimasta, biyar cif. Ya sake ja don taurin kai, wasan ya kuɓuce masa, zuciyoyin nan bakwai suna kwance a tebur ba hanyar cin moriyarsu. Cin goma ya yi alkawari, shida ya samu. Da aka haɗu aka gwada da ɗaya teburin, 'yan Gashuwan da suka riƙe wannan hannun zuciya huɗu suka taya, suka ci har da ƙari. A kan wannan hannu ɗaya Nguru ta faɗi.

Alhaji bai jira an watse ba. A gaban kowa ya ce, "Bobboi, laifin wa?"

"Nawa ne, Baba."

"Ƙarya kake!"

'Yan Gashuwa suka shiga tattara kati kamar ba su ji ba. Bobboi ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba." Alhaji ya ɗauki buta ya fita. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, kuma baƙin cikin ya fi yawa.

Ya yi la'asar shi kaɗai a bayan ginin, ya daɗe zaune a kan buzu. Da ya taso zai zagayo wurin da aka ajiye mota, sai ya ji wata murya daga gindin darbejiya, ya tsaya cak a jikin bango. Muryar Bobboi ce, amma ta da, mai kaifi, mai sauri.

"Da sarkin zuciya a hannunsa! Sarki da 'yar rakiya! Sau biyu ina yi masa ihu, shi yana can rungume da shebur biyar da ko kare ba zai ci ba. Wannan tayi ne ko rigima?"

"To kai Bafulatanin banza, me ya hana ka faɗa na uku?" in ji Ajimi.

"Na uku? Na biyun ma da ƙyar na faɗa. Kai Babarbare me ka sani game da kunya? Bar wannan ma, dubi bugun. Mutum ya ga an ninka shi, ya san shebur na hagu, sai ya je yana jan shebur? Da zuciya ya kama tun farko, ya dinga turo ta, dole hedimasta ya yi ta yanka da manyan shebur ɗinsa har su ƙare. Faɗuwa biyu za a yi, ba huɗu ba. Amma ina! In ransa ya ɓaci, kati ma gaba yake yi da shi."

Ya'u ya fashe da dariya. Alhaji na jikin bango da buta a hannu, ana yi masa tatas, shi kuwa daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ashe mutumin yana nan, ba abin da ya rage a cikinsa. Da Alhaji na da wayo, da ya tsaya a nan ya sha abinsa har a gama. Amma sai ya hango kuskure a maganar. Zuciya uku ce a hannun hedimasta. Ɗan Gashuwan da ke hannun daman Alhaji shi ne mai zuciya ɗaya, shi zai yanka ta biyu da ƙaramar shebur, manyan hedimasta ko gezau. Bakinsa bai yi shawara da shi ba.

"Kai, ba haka ba ne!" Ya fito daga bayan bango yana nuni da buta. "Na dama ne mai zuciya ɗaya! Shi zai yanka, hedimasta na zaune da shebur ɗinsa biyar. Ina faɗuwa biyun take?"

Bobboi ya juyo da sauri, yatsa a sama, baki a buɗe. "A'a, ai in ya yanka, sai ka..."

Nan ya tsaya. Ya ga wanda yake magana da shi. Yatsan ya sauka a hankali, ya durƙusa a cikin busassun ganyen darbejiya.

"Sai in me?" in ji Alhaji. "Ƙarasa."

"Ba komai, Baba."

"Akwai. Na ga akwai. In ya yanka, sai in yi me?"

Ajimi da Ya'u suka juya suna kallon titi.

Alhaji Sabitu, wanda rabonsa da roƙon wani abu a wurin ɗan Adam tun yana yaron shago, ya rage murya ya ce, "Bobboi, don Allah. Wannan ɗaya kawai."

"Yadda Baba ya faɗa, haka yake," in ji Bobboi, idonsa a ƙasa.

Alhaji ya juya baya. Sa'an nan ya miƙa wa direba butar, ya ce wa Ajimi daga Asabar mai zuwa ya zo ya zauna a gabansa. Ajimi ya ce to, bai ƙara da tsokana ba. Suka shiga mota kowa a mazauninsa na ɗazu.

Suka kama hanyar Nguru. Alhaji ya jingina kai da gilashi, ya jera katunan nan a ransa, nasa da na tebur da na hagu da na dama. Ya sa na dama ya yanka, ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya rushe ya sake jerawa. Ya san akwai hanya, don Bobboi ba ya ɗaga yatsa a banza. Mai amsar yana zaune a gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa kafaɗarsa. Har suka shiga Nguru yana nema, bai same ta ba.